Malalar Mai A Teku: Ina Ruwan Mutumin Kano?



Sa'ad da aka sanar da kan maganarmu ta yau, watau ɓarnar da man jiragen ruwa ke yi wa gaɓar teku, mun tabbata akwai waɗanda suka yi murmushi. Suna kuwa da hujja. Mutum ya hau Dala ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, ba zai hango teku ba, gama tsakaninmu da Ikko tafiya ce ta wajen mil 700 ta hanyar dogo. To, ina ruwan mutumin Kano da malalar mai a teku? Wannan ita ce tambayar da muke so mu amsa, muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku.

Da farko dai, Kano ta daɗe da ƙulla zumunci da jirgin ruwa. Tun da hanyar dogo ta iso nan a 1911, gyaɗarmu da audugarmu da fatu da ƙiraga duk ta bakin teku suke fita. Yau kuwa yadin da ke Kantin Kwari, da kayan masarufin da ke Singa, da kayan gyaran motar da ke Ƙofar Ruwa, mafi yawansu a bayan jirgi suka ƙetaro. A watan Janairu na 2023 har tashar tsandauri ta Dala aka buɗe a Zawaciki, domin a riƙa sauke kayan jiragen ruwa a ƙofar gidanmu. Wanda ke cin ribar lodin jirgi, bai kamata ya ce ba ruwansa da abin da jirgin ya zubar a hanya ba.

Jiragen da ke malalar da mai iri biyu ne. Akwai tankoki, waɗanda man shi ne lodinsu, kamar Torrey Canyon wanda ya fashe a gaɓar Ingila a 1967, da Amoco Cadiz wanda ya zubar da fiye da tan 220,000 a gaɓar Faransa a 1978. Waɗannan duniya ta san haɗarinsu. Amma akwai kuma jiragen dakon kaya, waɗanda ke ɗauke da shinkafa ko siminti ko ƙarfe, ba a cika jin tsoronsu ba, alhali kuwa kowanne yana tafe da dubban tan na man da injinsa ke sha. Wannan mai kuwa shi ne gutsurin da ya rage bayan an tace fetur da kananzir da gas, baƙi ƙirin, mai kauri kamar kwalta, ba ya bin iska ya ƙafe yadda fetur ke yi.

Bari mu ba ku labarin ɗaya daga cikinsu. Akwai wata ƙasa tsibiri a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, ana ce mata Morishas. Kada a haɗa ta da Muritaniya ta nan yammacin Afirka. Mutanenta ba su fi miliyan 1.3 ba, rayuwarsu kuwa ta rataya a kan rake, da su, da baƙi masu zuwa yawon buɗe ido. Ran 25 ga Yuli, 2020, wani jirgin kamfanin Japan mai suna Wakashio, mai tsawon wajen mita 300, yana tafe daga Sin za shi Burazil, ba kaya a cikinsa, sai ya hau kan duwatsun murjani a kudu maso gabashin tsibirin ya kafe. Bincike ya nuna ya raɓo gaɓa ne domin ma'aikatansa su sami layin wayar hannu su gaisa da iyalansu. A cikinsa akwai mai kimanin tan 4,000.

To, ga inda muke so ku lura da kyau. Jirgin nan bai fara yoyo ba sai ran 6 ga Agusta. Kwana 12 ke nan yana zaune a kan duwatsu, kowa na ganinsa daga tudu, igiyar ruwa tana dukansa dare da rana. Hukuma ta ce haukan teku da rashin kayan aiki ne suka hana ta kwashe man, jama'a kuwa suka ce sakaci ne. Ko ma wanne ne, da cikin jirgin ya tsage sai wajen tan 1,000 ya malala cikin ruwa, kusa da wuraren da ƙasar ta keɓe domin kare tsuntsaye da kifaye da itatuwa. Kashegari aka kafa dokar ta-ɓaci. Talakawa suka fito dubbai, suna ɗinka dogayen buhuna suna cusa musu ganyen rake, har da gashin kansu da suka aske, suna shimfiɗawa a kan ruwa domin su tare man. An samu an zuƙe mafi yawan abin da ya saura kafin jirgin ya rabe biyu ran 15 ga Agusta. A ƙarshen watan dubun dubatar mutane suka yi zanga-zanga a babban birninsu, a Disamba na 2021 kuma kotu ta ɗaure kyaftin ɗin jirgin da mataimakinsa wata 20 kowanne.

Me mai ke yi wa gaɓa? Da yake ya fi ruwa sauƙi, sai ya taso sama ya bazu, ya zama kamar mayafi, ya tare hasken rana da iskar da halittun ruwa ke bukata. Tsuntsun da ya sauka a kai, gashinsa ya manne, ba ya iya tashi, sanyi ya kashe shi. Ƙwan kifi da 'ya'yansa ƙanana su ne farkon mutuwa, saboda haka masunci ba ya ganin iyakar hasararsa sai baɗi da baɗin waccan. Mafi muni shi ne abin da ke samun kurmin bakin teku, watau itatuwan nan da ake kira mangurof, masu tsirowa cikin taɓo inda ruwan kogi ke gamuwa da na gishiri. Ta saiwoyinsu da ke waje suke numfashi, in mai ya lulluɓe su sai su shaƙe su bushe. Cikin saiwoyin nan kuwa kifi da jatan lande da ƙaguwa ke hayayyafa, su ne kuma ke riƙe ƙasa kada teku ta cinye ta. Man da ya nutse cikin wannan taɓo yakan shekara aru-aru bai fita ba.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Kurmin mangurof mafi girma a Afirka duka a Nijeriya yake, a yankin Neja Dalta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956. A Janairu na 1980 rijiyar Funiwa ta fashe a cikin teku, aƙalla ganga 200,000 ta malala, kowace ganga kuwa lita 159 ce. A Disamba na 2011, ana cikin ɗura wa wani jirgi mai a filin Bonga, kimanin ganga 40,000 ta zube. Mutanen gaɓa suka kai ƙara har Ingila, amma a 2023 Kotun Ƙoli ta can ta ce sun makara, lokacin shigar da ƙara ya wuce. A 2011 ɗin nan dai, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ba da rahoto a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaranta zai ci shekara 25 zuwa 30, ta kuma sami rijiyoyi a Nisisioken Ogale waɗanda gubar benzin mai jawo ciwon daji ta ninka haddin da aka yarda da shi sau 900 a cikinsu. Daga kuɗin man nan aka gina jami'o'inmu, daga ciki ake biyan albashin da yawa daga cikinmu. Mun sha romo, wajibi ne mu san wanda ya sha hayaƙi.

Yanzu sai mu komo gida. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da tamu gaɓar, sunanta Jakara. A gefenta aka kafa Kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851 ya ambace ta cikin labarin tafiyarsa. Jakara ke kwashe ruwan lambatun birni, ta fita bayan ganuwa ta karɓi na kwata da na Fagge da Sabon Gari, ta gamu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sa'an nan ta zube a madatsar ruwa ta Wasai wadda aka gina a 1976. A kudu kuma ruwan majemun zamani na Sharaɗa da Challawa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, yana gangarawa Kogin Challawa, wanda Kano ke sha daga gare shi.

Ba jirgin da ya taɓa kafewa a Jakara, amma mai yana shiga cikinta kullum. Kowace mota, kowace A Daidaita Sahu, kowane janareta da injin niƙa, lokaci-lokaci sai an juye masa baƙin mai an zuba sabo. Ina tsohon yake zuwa? Wani a tara a sayar, wani kuwa a tuttular a ƙasa ko a lambatu, ruwan sama na farko ya kwashe shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta galan 1 na baƙin mai yana iya ɓata galan miliyan 1 na ruwan sha. Wanda ya bi bakin Jakara da rani zai ga masu lambu a wajen Kwakwaci suna ban ruwa da wannan ruwa, latas da alayyafo da karas ɗin kuwa kasuwanninmu ake kawo su. Masuntan Wasai ma nan suke kawo kifinsu. Haka nan kududdufan cikin birni, waɗanda kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina: yau wasu an cike su an yi gini, waɗanda suka saura sun zama juji, abin da suka sha kuwa yana tsatsafowa cikin rijiyoyin maƙwabta.

Bambancin malalar Morishas da tamu shi ne, tasu ta zo rana ɗaya, duniya ta gani, aka sami wanda za a gurfanar. Tamu kuwa cokali-cokali take zuwa, daga hannu dubu, ba mai ɗaukar hoto, ba kyaftin ɗin da za a kama. Su kwana 12 suka yi tsakanin sani da aiki, aka ga abin da ya biyo baya. Mu shekara nawa muka yi da sani?

Ba ma iya fakewa da jahilci. Kowane yaron da ya zauna a zauren malami cikin birnin nan, tun a babin tsarki aka koya masa cewa ruwan da ƙazanta ta sauya masa launi, ko ɗanɗano, ko wari, ba a alwala da shi. Wannan ma'auni ne da talaka ke ɗauke da shi a idonsa da harshensa da hancinsa, tun kafin a gina ɗakin gwaje-gwaje. Addininmu ya kuma hana ƙazantar da mashaya da hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Doka ma ba a rasa ta ba: an kafa hukumar NOSDRA mai lura da malalar mai a 2006, da NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli a 2007, ga kuma ma'aikatar muhalli ta jiha. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tashi da wuri.

Wani zai ce, me ɗalibi zai iya? Sai mu tuna masa da Koko. A 1988 aka gano an yi ta jigilar dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a jiragen ruwa, ana jibgewa a wannan ƙaramar tasha ta tsohuwar Jihar Bendel. Waɗanda suka fara tona asirin ɗaliban Nijeriya ne da ke karatu a Italiya, da suka rubuto wa jaridun gida takarda. Ƙarshenta aka tilasta mayar da sharar inda ta fito, gwamnatin Janar Babangida kuma ta kafa doka mai lamba 42 ta hana shigo da irinta, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta farko ta tarayya. Takarda da alƙalami suka yi wannan aiki.

Saboda haka muna da shawara uku. Ta farko ga ɗalibai: masu karatun kimiyyar haɗa sinadarai da labarin ƙasa su riƙa auna ruwan Jakara da na rijiyoyin unguwanni a kai a kai, kada sakamakon ya ƙare a kantar laburare, a mai da shi Hausa a kai wa mai unguwa da hakimi da limamin Juma'a. Ta biyu ga ƙungiyarmu: mu je mu zauna da shugabannin makanikai da masu juyen mai cikin ladabi, ba da izgilin 'yan boko ba, a shirya yadda kowane gareji zai ajiye ganga ta tara baƙin mai, tun da abu ne mai kasuwa, wanda ya zubar ya zubar da kuɗinsa. Ta uku ga matasan ma'aikata: wata rana takardar koke za ta sauka a kan teburinku, daga masu lambu ko masunta ko mutanen wata unguwa da rijiyarsu ta sauya wari. Wata rana za a kawo muku takardar izinin cike kududdufi ko sakin dagwalo a rafi, a ce ku sa hannu kawai, daga sama aka ce. Ran nan ku tuna da jirgin da ya kwana 12 a kan duwatsu. Ku je ku gani da idonku, ku rubuta gaskiyar abin da kuka gani, ku sa kwanan wata, ku bi fayil ɗin har inda zai tsaya.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma wanda ke ƙasan rafi shi ke shan abin da na sama ya zubar. Yau mu ne a sama da mutanen Wasai, kamar yadda jiragen duniya ke sama da masuntan Neja Dalta. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka, ya sa mu bar wa na baya ruwan da za su iya sha.