Farin Ruwa da Ciwon Sanyi: Bambancin Lafiya da Cuta a Jikin Mace

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, kusan duk ruwan da ya fita daga gaban mace sunansa sanyi. Wannan suna guda ya lulluɓe abubuwa da yawa, waɗansu lafiya ne, waɗansu kuwa cututtuka ne masu magani daban daban.

Kowace mace baliga tana fitar da ruwa kaɗan daga bakin mahaifa da farji, wanda shi ne ke tsabtace wurin. Ruwan lafiya fari ne ko garai, ba wari, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Ga mai zagayen haila na kwana 28, wajen rana ta 14 yakan yi yauƙi kamar farin ƙwai, watau lokacin ɗaukar ciki ya yi. Yakan ƙaru ga mai juna biyu. Wannan ba ya bukatar magani ko kaɗan.

Na cuta kuwa yana da alamu. In ya yi kauri kamar kindirmo, ga ƙaiƙayi, galibi ƙwayar cuta ce dangin yis, wadda ta fi damun masu ciki da masu ciwon sukari. In ya yi tsinkakke, toka-toka, da ƙarnin kifi, ƙwayoyin da ke gadin wurin ne suka rikice, sau da yawa saboda wanke ciki da sabulu ko cusa alif da kayan mata. In ya zo rawaya ko kore da kumfa, ko da ciwon mara da zazzaɓi, mai yiwuwa an ɗauke shi ta saduwa. A nan tilas a yi wa miji da kishiyoyi magani tare, in ba haka ba cutar ta dinga zagaya gidan. In aka yi sakaci, wata irin takan hau ta toshe hanyoyin ƙwai, mace ta rasa haihuwa, a ɗora laifin ga sammu.

Akwai abubuwa uku da manoma za su kula da su. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan fadama da madatsun ruwa, takan taɓa al'aurar mace ta kawo ruwa da ɗigon jini. Ruwa mai jini da ɗoyi, musamman bayan ɗaukewar haila, yana iya zama ciwon dajin bakin mahaifa, wanda Nijeriya ta fara rigakafinsa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023. Yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda kuwa tiyata ce maganinsa, ana yin ta a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

Saboda haka sayen kafso a kemis bisa zato ɓarnar kuɗi ce, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Kunya ado ce ga mace, amma ba a gaban ungozoma ko likita ba. Ɗalibi da ma'aikacin da suka san wannan bambanci, haƙƙinsu ne su kai shi gida.