Jawabi ga Hakimai da Malamansu: In Babur Ya Ƙi Tashi



Yawancin aikin gunduma bisa babur a ke yinsa, ko rangadi, ko kai takarda birni. Sau da yawa malami ya kan danna maɓallin tayar da inji ya ji shiru, sai ya ɗauka sitata ta mutu ko batir ya ƙare, a kashe kuɗin baitulmali a sayo sabo. Alhali kuwa laifin wani ɗan makunni ne wanda bai kai girman ɗan yatsa ba, watau makunnin kuloci.

Wannan makunni yana gindin hannun kuloci, ta hagu, da wayoyi biyu a jikinsa. Aikinsa tsaro ne. In babur yana cikin giya, ba ya barin wuta ta kai ga sitata sai an matse kuloci, domin kada babur ya yi tsalle da mai shi. Ƙurar hunturu da ruwan damina su kan shiga cikinsa, bakin wayoyin ya yi tsatsa, har ya zama ko an matse kuloci wuta ba ta wucewa.

Saboda haka, kafin a aika kiran makanike, a bi waɗannan daki-daki.

Da fari a duba jan makunnin da ke hannun dama, mai kashe inji. A kan ture shi ba da sani ba.

Na biyu, a murɗa makulli a kunna fitila. In ta yi haske sosai, batir yana da rai. Batirin babur na volt 12 ne, in ya cika awonsa ya kan nuna wajen 12.6. In fitila ta dushe sa'ad da aka danna maɓalli, ko aka ji ƙas-ƙas kurum, batir ya yi rauni ko kuwa bakinsa ya saki. A goge shi a ɗaure. In babu haske ko kaɗan, a duba fiyus. Wanda ya ƙone a sāke shi da mai lamba irin tasa. Kada a cusa waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa, gama wannan shi ke ƙone wayoyin babur duka.

Na uku, a sa giya a firi har koriyar fitila ta kama, a danna. In ya tashi a firi, amma ya ƙi a cikin giya ko da an matse kuloci, to, laifin makunnin kuloci ne. A zare wayoyin nan biyu, a kankare tsatsa, a mayar, a gwada. In ya ƙi, a sāke zare su a haɗa bakinsu da juna, a hau babur, a matse kuloci sosai, a sa giya, a danna. In ya tashi, makunnin ya mutu, a sayo sabo, kuɗinsa kaɗan ne.

Na huɗu, in inji ya tashi lafiya amma ya mutu da zarar an sa giya, a duba ƙafar da a ke jingine babur a kanta, domin wasu babura suna da makunni a can ma.

Sauran gargaɗi guda. Wasu su kan bar wayoyin nan a haɗe, su ce sun huta. Lalle ne hakimai su hana. Babur irin wannan, in yana cikin giya aka danna maɓalli, sai ya zabura ya afka wa duk wanda ke gabansa, yaro ko babba. Haɗin nan na gwaji ne kaɗai.

Ya kamata kowane malami ya rubuta matakan nan huɗu a littafin aljihunsa. Allah ya kiyaye hanya, amin.