Fuskokin "take off" a Turanci

Ɗalibi yakan haddace cewa "take" ɗauka ne, sai ya ci karo da "take off" ya rasa ta inda zai kama. Bature idan ya ce zai "take off" takalminsa, cirewa zai yi. Jirgin sama kuwa, tashi ne daga ƙasa. Sana'ar da aka ce ta "take off" ta bunƙasa ke nan farat ɗaya. Mutum kuma idan ya "take off", ya yi gaba ne ba sallama. Ma'aikaci ma yakan ce "take Friday off", wato zai huta ranar Juma'a. Kada dai mu yi wa Turawa gori, mu ma da "ci" ɗaya muke cin tuwo, mu ci kasuwa, wani ya ci amana.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne jerin kalmomin. "Take off your cap" da "take your cap off" duk daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya: "take it off". Wanda ya rubuta "take off it" a jarrabawar WAEC, maki ya tafi.