Zakariya Paliashvili da Waƙoƙin Ƙauyukan Jojiya

Duk lokacin da aka buga taken ƙasar Jojiya, kiɗan Zakariya Paliashvili ake ji. A shekarar 2004 aka ɗebo sautin taken daga wasanninsa biyu na opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa: Abesalom da Eteri, da kuma Daisi.

An haife shi a garin Kutaisi a 1871, ya taso yana rera waƙa a coci, daga baya ya yi karatun kiɗa a Mosko. Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi da ya dawo gida. Ya bi ƙauyuka har cikin duwatsun Svaneti, yana sauraron manoma da makiyaya, yana rubuta waƙoƙinsu masu muryoyi daban-daban kafin su ɓace. Wannan aiki na haƙuri ne, kuma shi ya sa kiɗansa yake da ƙamshin ƙasarsu.

Abesalom da Eteri, da aka fara nunawa a 1919, tsohuwar tatsuniya ce: ɗan sarki ya so marainiya, waziri ya raba su da sihiri.

Paliashvili ya rasu a 1933. Kabarinsa na harabar gidan opera na Tbilisi, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa.