Lissafin Matsin da ke Lotsa Bututun Ƙarfe



Bututun ƙarfe yana fuskantar matsi iri biyu. Idan matsin daga ciki yake, sai ya ƙara daidaita da'irar bututun, ba zai fashe ba sai ƙarfen kansa ya gaza. Amma idan daga waje yake, to, duk ɗan karkacewar da ke jikin da'irar ƙaruwa take yi, har bututun ya lotse farat ɗaya, alhali ƙarfen bai kai ga iyakar ƙarfinsa ba. Wannan shi ne haɗarin da ke kan bututun da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, musamman sa'ad da aka zuƙe ruwan cikinsa, ko kuwa ana ɗura siminti a bayansa.

A shekarar 1888 wani masanin lissafi na Ingila, G. H. Bryan, ya bayyana ƙa'idar dogon bututu marar kauri. Ga yadda take. A raba kaurin bangon bututun da faɗinsa. A riɓanya abin da ya fito da kansa, a sake riɓanyawa da shi. Sa'an nan a riɓanya da 440,000, adadin da ke tsaye a madadin taurin baƙin ƙarfe. Amsar tana fitowa ne da megafaskal, kuma megafaskal ɗaya daidai yake da matsin ruwa mai zurfin mita 100 da ɗan ɗoriya.

A ɗauki bututu mai faɗin milimita 200 da kaurin milimita 5. Rabawa ta ba da 0.025, lissafi kuwa ya ƙare a kan megafaskal 6.9, watau zurfin ruwa na kimanin mita 700. To, a ce tsatsa ta cinye rabin kaurin, ko kuwa ɗan kwangila ya kawo mai milimita 2.5 don neman sauƙi. Mai ɗaukar abin da ka zai ce ƙarfin ya ragu da rabi. Ba haka ba ne. Kashi ɗaya cikin 8 kaɗai ya saura, watau abin da bai kai mita 90 ba.

Sai dai a lura, ƙa'idar ta ɗauka cewa da'irar ba ta da aibi. Bututun da ya bugu wajen sauke shi daga mota yakan lotse tun kafin wannan adadi, shi ya sa injiniyoyi ke barin rata mai yawa. Bututu mai kauri sosai kuwa lissafinsa dabam ne, domin ƙarfensa ke fara gazawa.

Saboda haka jami'in da zai sa hannu a takardar biyan kuɗi, wajibi ne ya sa a auna kaurin bututu tun yana bisa ƙasa. In ya lotse a can ƙasa, galibi sai dai a haƙa wata rijiyar, mutanen gari kuwa su koma tafki. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.