Gari Ɗaya, Hukumomi Takwas



An neme ni in yi magana a kan haɗin kai tsakanin hukumomin garuruwa masu maƙwabtaka. Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba, birnin Kano ya ishe mu.

Duk wanda ya hau dutsen Dala ya duba gabas da yamma, gari ɗaya zai gani. Amma a takarda hukumomi takwas ne ke riƙe da shi: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A zamanin En'e hukuma guda ce ke kula da birnin da ƙasarsa. Gyaran tsarin mulki na 1976 ya kawo ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya, aka yi ta ƙirƙiro sababbi har suka kai 774, Jihar Kano na da 44 daga ciki. Manufar ita ce a kusantar da mulki ga talaka, kuma manufa ce mai kyau. Sai dai an raba ofisoshi, ba a raba matsaloli ba.

Mu ɗauki kogin Jakara. Daga tsakiyar birni yake tasowa, ya ratsa ta Fagge, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sannan ya gangara dam ɗin Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir. A bakinsa manoman rani ke shuka latas da kabeji da alayyahu, su ban-ruwa da wannan ruwan, su kawo kayan kasuwannin birni. Ashe ke nan sharar da aka watsa a lambatu a Dala tana iya komowa gidan mai ita cikin kwano. Idan hukuma ɗaya ta yashe magudanarta, ta gaba ta bar tata a toshe, da damina ta sauka ruwan duka biyun zai ci. Sauro da kwalara ba su san iyaka ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnatin jiha ne, ga REMASAB mai kwashe shara, ga KNUPDA mai tsara gari. Gaskiya ne suna aiki. Amma tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa kwashe shara da gyaran magudanun ruwa da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, tambayar da ya taso da ita tana nan: in kuɗin ya iso hannu, kowane shugaba zai sayi motar shararsa ya haƙa juji nasa ne, ko kuwa za su zauna su yi lissafi tare?

Wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da wannan tambaya. Birnin Landan ya kasu gundumomi 32, ban da tsohon birni. A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar da ke haɗa su, amma shara ba ta jira siyasa, sai aka kafa hukumomin haɗin gwiwa, kamar wadda gundumomi bakwai na arewacin birnin ke gudanarwa tare har yau. A shekarar 2000 kuma aka dawo da hukumar birnin baki ɗaya da zaɓaɓɓen magajin gari. A Faransa akwai ƙananan hukumomi kusan 35,000, kuma kusan kowace tana cikin wata ƙungiyar maƙwabta da ke ɗaukar nauyin shara da sufuri da makamantansu. Kowace na riƙe da shugabanta da sunanta, aikin da ya fi ƙarfin guda ne ake haɗa hannu a kai.

Shawarata uku ce. Na farko, hukumomin nan takwas su kafa kwamiti na dindindin a kan magudanun ruwa da shara, su jawo Minjibir ciki tun da ita ce ke karɓar abin da birni ya zubar. Na biyu, kowace ta zuba kuɗi gwargwadon yawan jama'arta cikin asusu guda, a riƙa buga lissafinsa kowa ya gani. Na uku, a sa yarjejeniyar cikin doka, domin kada ta mutu ran da shugabanni suka sauya ko jam'iyyu suka saɓa.

'Yan'uwana ɗalibai, cikinku akwai injiniyoyi da lauyoyi da kansilolin gobe. Masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga Jakara nan tana jiran mai auna ta daga tushe har Wasai. Kuma in ɗan takara ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi abin da ya shirya yi tare da maƙwabcinsa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.