Wa zai ajiye mana ƙwallon taura?

Duk damina ana rabon dashe a Dutse, amma ku duba da kyau: yawanci darbejiya ce da turare. Ɗinya, kanya, aduwa fa? Masu gawayi na sare manyan, awaki na cinye ƙananan. Daga nan har Kiyawa, yaushe rabonku da ganin ƙaramar taura?

A Ingila, tun 2000 suke da rumbun irin tsirran daji, Millennium Seed Bank. Busar da iri suke yi, su rufe a kwalba, su ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Mu kam kun san halin wutarmu. Amma shanya ƙwallo a inuwa bai fi ƙarfinmu ba. Ku tara daga bishiyoyi da yawa, ku rubuta sunan bishiyar, gari da shekara, kafin damina mu kai wa masu renon dashe.